Dajin Da Legas Ta Kasa Haɗiyewa

Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya karanta rabi ya ce na yaudare shi: wannan sharhi na masoyi ne. Duk mai neman alƙalin da zai auna alheri da aibi a sikeli, to ya nemi wani. Sau biyar ke nan ina zuwa dajin nan na Lekki cikin shekara biyu, kuma da za a ce gobe da asuba akwai mota, ni zan fara zama a ciki. Abokan zamana a kasuwa har sun gaji da ni. Da na gyara murya sai wani ya ce, "To, Sarkin Birai zai fara."

Abin dariyar shi ne da farko ni ne na ƙi. 'Yata ta fari ce ta dawo daga makaranta da takarda, wai ƙungiyarsu ta kare muhalli za ta kai su ziyara Lekki, kowane uba ya kawo kuɗin mota da na shiga. Na juya takardar gaba da baya na ce, yanzu a wannan tsadar rayuwa zan biya kuɗi a kai ki kallon biri? Birin da in muka je gida hutu mai wasa da shi zai kawo miki har ƙofar gida, sanye da wando, ki ba shi naira hamsin ya yi miki faretin soja? Uwarta ce ta sa baki, na biya ina ƙunƙuni. Yarinyar nan ta dawo da magariba, takalmi duk laka, ta hana mu cin tuwo da surutu. Kwana uku ba ta da zance sai na wata gada da ke rataye a saman itatuwa, da wani kunkuru da ya girmi kakarta. Wannan fa yarinyar da in ka tambaye ta me aka koya musu yau sai ta ce "ba komai". A nan na ce lallai sai na je na ga abin da ya kwance mata harshe.

Zuwan da na fi so in ba da labari shi ne na biyu, wanda muka yi da mahaifiyata. Hajiya ta zo mana daga Kano ganin jikoki, ta yi mako uku a ɗaki tana kallon bango, tana cewa ita garin nan ko bishiyar da za a sha inuwa ba ta gani. Haifaffiyar wani ƙauye ce a gefen dajin Falgore, saboda haka in ta ce daji ta san abin da take nufi. Da jikar tata ta ce, "Hajiya, za ki ga gada a saman bishiya," sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ke kishiya, raina ni kika yi? Yaushe gada ta fara hawa bishiya?" Ita gadar daji ta ɗauka, mai ƙafa huɗu. Muka yi ta dariya har muka shiga mota.

Daga Agege zuwa can tafiya ce, ba zan ɓoye ba. Mun fito bayan sallar asuba, muka haye gadar Third Mainland, muka ratsa Ikoyi, muka hau babban titin Lekki zuwa Epe. Duk wanda ya san wannan titi ya san abin da ke gefensa: benaye masu gilashi, rukunin gidaje masu ƙofar ƙarfe da masu gadi, manyan alluna na tallan filaye, tifofi ɗauke da yashi suna ta kai da kawowa. In ka miƙe ba ka tsaya ba, ta nan za ka bi har ka kai yankin matatar man Ɗangote da sabuwar tashar jiragen ruwa. Ana cikin wannan hayaniya, kusa da mahaɗar da ake kira Chevron, sai direba ya karya kan mota ya shiga wata ƙofa. Allon ya ce Lekki Conservation Centre. Ka sauka, ka yi taku kaɗan, sai ka ji kamar an rage maka ƙarar rediyo. Hon ɗin motoci ya koma can baya, kukan tsuntsaye ya taso, iska ta canza wari ta koma ta ganye da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Hajiya ta tsaya, ta shaƙa, ta ce, "Ikon Allah. Ashe suna da shi suka ɓoye."

Wurin na wata gidauniya ce mai zaman kanta, wadda ba riba take nema ba, Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, da aka fi sani da NCF. Marigayi Cif Shafi Lawal Edu, attajiri ɗan asalin Epe, shi ne ya jagoranci kafa ta a 1980, aka yi mata rajista a 1982. A 1990 ne aka keɓe wannan fili mai faɗin hekta 78, kamfanin mai na Chevron ya ɗauki nauyin gina cibiyar, kuma nan ne hedikwatar gidauniyar take har yau. Hekta 78, in kana so ka kwatanta, ya haura filin ƙwallo ɗari. A lokacin da aka keɓe shi, yawancin Lekki fadama ce da kurmi da ƙauyukan masunta, don haka na tabbata akwai waɗanda suka yi wa mutanen nan dariya: ku killace daji a tsakiyar daji? Yau ga shi birni ya zo ya yi masa zobe ta kowace kusurwa.

Ni ɗan kasuwa ne, kuma abin da ya fara kama ni ke nan. Na tsaya na yi lissafin fuloti nawa za a yanka a hekta 78 a Lekki, da abin da ake sayar da fuloti guda a wannan yanki, kaina ya yi zafi na bari. A garin da ake cike teku da yashi don a samu wurin kafa bene, a ce an bar wannan dukiya ga biri da kada da kwaɗi, shekara fiye da talatin, ba a yanka ba, ba a yi gwanjonta ba! Mu da muka ga yadda filayen makarantu da na Idi da burtali suke komawa shaguna cikin dare ɗaya mun san wannan ba ƙaramin jihadi ba ne. Ko don wannan kaɗai na cire musu hula.

Kafin a shiga daji sai an tara ku an yi muku bayani. Wani matashi ma'aikacin wurin, mai fara'a da haƙuri irin na damo, ya faɗa mana ƙa'idoji: kada a sauka daga kan hanyar katako, kada a yar da leda ko gorar ruwa, kada a yi ihu, kada a riƙe abinci a hannu a fili. Wannan ta ƙarshe ya maimaita ta sau biyu yana kallon autana, wanda ke rungume da ledar cincin kamar wanda aka ba ajiyar banki.

Hanyar katakon nan ita ce zuciyar wurin. An ɗaga ta sama da ƙasa a kan ƙafafu, ta yi ta lanƙwasa cikin kurmi kusan kilomita biyu, ruwan fadama baƙi ƙirin yana kwance a ƙarƙashinka, ganyaye sun rufe sama har rana sai dai ta leƙo ta 'yan kafofi. A gidan zu dabba ce ke cikin keji kai kana yawo. A nan kai aka tsare a kan siririyar hanya, su kuwa masu gida suna harkarsu, in sun ga dama su fito, in ba su ga dama ba ka koma gida da labari. Ni wannan tsari ya fi kwanta mini. Ya koya wa yarana abin da na kasa koya musu a gida, wato yin shiru. Ɗana na tsakiya, wanda ko a masallaci sai an harare shi, na gan shi ya durƙusa minti biyar cur bai motsa ba, yana kallon wata guza da ta fito shan hantsi a kan kututture, harshenta mai baki biyu yana fita yana komawa.

A nan Hajiya ta karɓe ragamar tafiya. Ta duba wasu dogayen ganyaye masu kama da na dabino da suka fito daga cikin ruwa ta ce, "Kai, wannan ai tukurwa ce!" Ta shiga gaya wa jikokin yadda ake gadon kwana da gwangwalarta, da yadda mahaifinta yake rufin ɗaki da ita. Yaran nan sun taɓa kwana a gadon gwangwala a ƙauye, amma ba su taɓa tunanin daga jikin wata bishiya mai rai aka samo shi ba. Matashin nan ya faɗi sunan abu da Turanci, Hajiya ta faɗi na Hausa, ni ina tsakiya ina tafinta. Da ya ce akwai wata ƙaramar dabba mai kunya da ke fitowa da sassafe ko da yamma, ya kwatanta girmanta da 'yar akuya, Hajiya ta tafa hannu ta ce, "To ga gadar gaskiya nan, ba taku ta ƙarfe ba!" Ya ambaci wata mai zanen fari a jiki, ta ce mazo ke nan. Yaron ya ciro ɗan littafi daga aljihu yana rubuta sunayen, yana tambayarta ta maimaita. Wallahi na ga tsohuwar nan ta ƙara tsawo. Mako uku ana ce mata ba ta jin Turanci, ba ta jin Yarbanci, yau ga ɗan boko yana ɗaukar darasi a wurinta.

Sai birai. Kafin ka gan su za ka ji su, reshe ya yi kaɗawa a sama, ganye ya zubo, sai ka ga wutsiya. Irin da ake kira mona ne, kuma sun sha bamban da jan birin da muka sani a Arewa. Bayansu ja-ja ne mai duhu, ƙirji da ciki fari tas kamar an sa musu 'yar shara, fuska mai ɗan shuɗi-shuɗi da gashin kumatu ruwan ɗorawa, sa'an nan ga wasu fararen ɗigo biyu a gindin wutsiya, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar tela ne ya ɗinka. Wata uwa ta zo ta zauna a kan makarin hanya, tazarar da ke tsakaninmu ba ta fi kamu uku ba, jaririnta maƙale a cikinta yana leƙenmu da idanu kamar na ɗan mutum. Na ga yatsunta, na ga farce, na ga yadda take ɓare wani ɗan itace tana tofar da ɓawon. Biri ya yi kama da mutum, mun sha faɗa a karin magana, amma ban taɓa jin nauyin maganar ba sai ranar.

Ana cikin wannan sha'awa, auta ya ga ai lokacin cincin ya yi. Ƙarar ledar kawai aka ji. Wani ƙato ya diro daga inda ba mu sani ba, ya fizge ta, kafin yaron ya buɗe baki har ya kai reshe na uku. Ya zauna a can yana tura cincin cikin kumatu, kumatun suna kumbura kamar an hura balan-balan. Auta ya ɓare baki zai yi kuka, sai matashin nan ya durƙusa gabansa ya ce ya duba da kyau: birin nan yana da aljihu biyu a cikin kumatunsa, inda yake tara abinci ya gudu da shi ya ci a inda babu mai ƙwace masa. Kuka ya tsaya. Yaro ya shiga taɓa nasa kumatun yana neman aljihu. Daga nan ma'aikacin ya bayyana masa dalilin da ya sa ba a so a saba musu da abincin mutane: yana lalata musu ciki, yana sa su daina neman nasu, yana koya musu ƙwace. Ya kuma bi sawu har birin ya saki ledar, ya ɗauke ta ya sa a aljihu. Darasi uku a kan cincin na naira ɗari biyu. Wace makaranta ce za ta ba ka wannan araha?

Wannan shi ne abin da ya sa nake yi wa wurin nan kirari. Ilimin da suke bayarwa ba na allo da alli ba ne, abin da ke gabanka shi ne littafin. A wani wuri da ruwan ya yi faɗi, matashin ya tambayi yarana ko unguwarsu tana ambaliya da damina. Suka ce sosai ma. Ya ce to su ɗauki fadamar nan kamar soso: in aka yi ruwan sama tana shanye shi, ta riƙe, ta riƙa sakinsa a hankali. In aka cike ta da yashi aka shafe da siminti, ruwan bai fasa zuwa ba, sai dai ya nemi wani wurin kwana, kuma falon mutane ne mafi kusa. Duk wanda ya ga hotunan Lekki a damunar 2017, lokacin da motoci suka nutse har gilashi a unguwannin masu kuɗi, ya san yaron nan ba tatsuniya yake yi ba. Ni kaina, da furfurata, ban taɓa haɗa ambaliyar Legas da cike fadamu a kaina ba sai a kan wannan katako. Gidauniyar tana da ƙungiyoyin kare muhalli a makarantu da dama a faɗin ƙasar nan, irin wadda 'yata take ciki, kuma kusan duk zuwan da na yi sai na tarar da motocin makarantu a harabar, yara cikin yunifom an jera su biyu-biyu, malamai suna ta ƙirga kawuna.

To, mu zo kan gadar sama, inda mutuncina ya kusa zubewa.

An buɗe ta a 2015, tsawonta mita 401, kuma ana yi mata kirari da cewa ita ce mafi tsawo irinta a Afirka. Hasumiyoyi shida na ƙarfe ne suke riƙe da ita, tana hawa daki-daki daga wannan zuwa wancan, har inda ta fi tsayi ta kai mita 22 da rabi daga ƙasa, wato kamar ka hau bene mai hawa bakwai. Faɗinta kuwa na mutum ɗaya ne, ƙarfe a ƙarƙashin ƙafa, raga a dama da hagu, igiyoyin ƙarfe a sama. Daga ƙasa na dube ta na ce wannan ai wasan yara ne. Hajiya da auta da uwarsu suka zauna a ƙasa, ni da 'yata muka hau.

Zangon farko lafiya lau, har ina ɗaga wa na ƙasa hannu. A na biyu gadar ta fara lilo. Duk takun da na bayanka ya yi sai ka ji shi a cinyarka. A na uku na yi kuskuren da aka ce kada a yi, na dubi ƙasa ta cikin ragar, na ga kan bishiyoyin da ɗazu nake ɗaga wuya ina kallo yanzu suna ƙarƙashin takalmina. Gwiwoyina suka ce ba da su ba. Na riƙe igiya da hannu biyu, na karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Komawa baya babu hali, don mutane sun biyo ni a jere. Wata mata Bayarabiya a bayana tana ta kiran sunan Yesu, ni ina salati, wani saurayi a gaba yana dariya yana ɗaukar kansa hoto. Sai na ji muryar 'yata daga gaba: "Abba, kada ka kalli ƙasa, ka kalli bayana kawai. Taho a hankali." Yarinyar da na koya wa tafiya da hannuna.

Amma da na isa hasumiya mafi tsawo na samu wurin tsayawa, numfashi ya dawo, sai na ga abin da ya biya ni wahalata. Kore shar ko'ina, kamar an shimfiɗa darduma mai tudu da kwari, iska mai sanyi tana busowa daga wajen teku, tsuntsaye suna wucewa ta ƙasa da kai. Can gefe kuma, inda koren ya ƙare kamar an yanka da wuƙa, rufin gidaje ne ja da shuɗi da benaye da ake kan ginawa. Daga nan sama ne kaɗai za ka gane ƙanƙantar dajin da girman abin da ya kewaye shi. Na daɗe a tsaye. Da na sauko Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ina hularka?" Sai a lokacin na tuna na cusa ta a aljihu tun zango na biyu. Akwai kuma wani ɗan ɗaki da aka kafa can saman wata doguwar bishiya, ana hawa da tsani. Wannan kam na bar wa masu ƙarfin hali, na ce ai gani ya kori ji, kuma na gani daga ƙasa.

Bayan kurmin sai ka ɓullo wani fili mai ciyawa da rana, wanda ya fi kama da ƙasarmu. A nan aka yi wurin hutawar iyali: rumfuna, tafkunan kifi inda manyan kifaye masu launin ja da fari da ruwan lemo suke tururuwa, da wasannin dara irin na Turawa da ludo da aka zana a ƙasa, 'ya'yan wasan wasu sun kai gwiwar yaro. Muka shimfiɗa tabarma a wata rumfa muka yi azahar, muka buɗe kular dambu da soyayyen nama, wannan karon da mai gadi a kowane ɓangare saboda 'yan fashin sama. Ɗawisu kuwa suna yawo a harabar kamar su suka biya kuɗin ginin. Su dai ba 'yan ƙasa ba ne, asalinsu Indiya, amma wa zai ce musu su tafi? Kunkurun da 'yata ta dame mu da shi ma mun gan shi, ƙato kamar an kife babban kwano, ana cewa ya doshi shekara ɗari. Hajiya ta zauna kusa da shi ta ce, "Sannu, yaya." Ya ɗago kai a hankali ya dube ta, ya ci gaba da cin ganyensa.

Kada kuma wani ya je da zaton zai ga giwa ko zaki, ya dawo ya ce na yi masa ƙarya. Wannan sai Yankari. Akwai kada a fadamar, amma a zuwa biyar sau ɗaya na gan shi, shi ma idanu da hanci kawai, kamar guntun icce a kan ruwa. Gadar dajin da Hajiya take ɗoki har yau ba mu haɗu ba. Ni dai hakan bai rage mini komai ba, don zuwa na gaba yana da dalili ke nan.

Muna hutawa ne Hajiya ta ɗaga kai ta daɗe tana duban sama, ta ce, "Ni kam ina ungulaye suka tafi? Ko a gida na daina ganinsu." Maganar ta dake ni. Ina yaro, in ka je mayanka a Kano, ungulu ta fi mahauta yawa, suna jere a kan katanga da rufin kwano kamar masu jiran rabon zakka. Yaushe rabon da in ga guda? Na kasa tunawa. Na kai tambayar wurin matashin nan, ashe na taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce irin ungulun da muka saba gani a garuruwa tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, kuma cikin manyan dalilai a ƙasar nan har da kama ta da ake yi ana sayar da kai da ƙafa da gashinta a kasuwannin magani, da kuma guba da ake sa wa mushe. Gidauniyar ta daɗe tana yaƙi a kan wannan, tana zama da masu maganin gargajiya da mafarauta don su koma ga itatuwa a madadin sassan ungulu, kuma duk Asabar ɗin farko ta watan Satumba ana ranar tunawa da ita a duniya. Ya ce tsuntsuwar da muke zagi da ƙazanta ita ce ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta, ba ta karɓar albashi. Hajiya ta gyaɗa kai ta ce ai dama ungulu ba ta jewar banza.

Daga nan ne na san ashe hannun mutanen nan ya kai har ƙasarmu. Suna cikin waɗanda suka fara aikin kare dausayin Haɗeja da Nguru tun 1987, wurin da tsuntsaye suke tasowa daga Turai, su ƙetare Sahara, su zo su yi hunturu a Dagona da kewayenta. Na sha wucewa ta Nguru a mota, na sha cin kifinta, ban taɓa sanin baƙi daga wata nahiya suke sauka a can duk shekara ba. Sai da na zo Legas, cikin kurmin Yarabawa, aka ba ni labarin abin da ke bayan gidanmu. Na ji kunya kaɗan, na kuma ji daɗi da yawa.

Ga 'yan uwana mazauna Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Obalende, masu cewa Legas ba ta da wurin kai iyali sai bakin teku da shagunan zamani: ku shirya ku je. Ku fita da wuri, kafin rana ta yi zafi kuma kafin titi ya cushe, don da safe ne dabbobin suka fi fitowa. A sa takalmi mai rufi, a bar mai tsini a gida. Mai babbar riga ya naɗe ta in zai hau gada, na gaya muku. In da hali a je ranar aiki, an fi samun shiru, don ranakun hutu wurin yana cika. Malaman Islamiyyunmu kuma, da kuke kai yara ziyara ƙarshen zango, ga wuri. Yaron da ya haddace surorin da aka sa wa sunan tururuwa da ƙudan zuma da gizo-gizo ya cancanci a kai shi inda zai durƙusa ya kalle su suna aikinsu. Kuɗin ƙofar da kuka biya ma ba aljihun wani zai tafi ba, wurin zai koma.

Da la'asar muka kamo hanya, muka faɗa cunkoson da ya riƙe mu har bayan isha. Ba wanda ya yi ƙorafi. Auta ya yi barci da hannu a kumatu. Na tsakiya yana ta tambayar Hajiya bambancin guza da damo da tsari, tana ba shi amsa tana haɗawa da labarin yadda yayyenta suke farautarsu, shi kuma yana ce mata yanzu an hana. 'Yata ta karɓi biro a wurina tana rubuta sunayen da kakarta ta faɗa a bayan takardar shiga, wai za ta kai wa 'yan ƙungiyarsu: tukurwa, mazo, gada, guza, cilakowa. Washegari da safe na ji Hajiya a waya da ƙanwarta ta Kano, tana cewa, "Ke dai bari. Ɗanki ya hau gadar sama ya sauko ba hula." Ta ce in an yi sallah babba za ta dawo, kuma wannan karon tun asuba za mu je mu zauna shiru a kan katakon nan har sai gadar ta fito.